Babban Yatsa Kaɗai Ke Motsi

Ƙannena masu koyon aski da gyaran gashi, maza da mata, maganar yau a kan riƙon almakashi ce, abin da ba kasafai ake zaunar da ɗan koyo a nuna masa ba. A yawancin shagunan askin garuruwanmu kilifa ce ke da faɗa a ji. Ita ake fara danƙa wa yaro bayan ya gama zamanin shara da wankin tawul, a kanta ake yaba masa, a kanta ake yi masa faɗa. Almakashi kuwa yana ajiye gaban madubi, sai za a daidaita gashin baki ko a tsince 'yan gasun da suka yi tsaye sannan a tuna da shi. Kowa yana ganin ya iya, tunda tun yana firamare yake yanka takarda. To, riƙon mai yanka takarda daban, na tela daban, na mai gyaran gashi daban. Wanda ya shigo sana'ar nan da riƙon gida ya ci gaba da shi, a wuri biyu zai biya: a kan kwastoma da kuma a hannunsa.

Na kan kwastoma nan take ake gani. Layi ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya, ko rami ya fito a tsakiyar gemu. Gashin mutum kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, namu mai murɗiya ma yakan ɗan gaza haka, saboda haka matar da aka datse wa santimita 3 fiye da abin da ta nema za ta yi wata uku ko fiye tana ambaton shagonku, ba da alheri ba. Amma dai gashi yana dawowa. Na hannu shi ne ba a gani da wuri. A hankali yake taruwa, shekara bisa shekara, har ranar da mutum zai farka tsakar dare yana yarfa hannu don yatsunsa sun mutu. Shi ya sa a wurina gyaran riƙo ya fi duk wani sabon salon aski da kuke ɗokin koyo, kuma yanzu ne lokacinsa, tun hannu bai saba da karkatacciyar hanya ba.

Ku ɗauko almakashin gashi ku dube shi da kyau. Baki biyu gare shi, noti ya haɗe su a tsakiya, sai zobba biyu na sa yatsu. A jikin zobe ɗaya akwai wata 'yar wutsiya da ta fito waje. Yara da yawa sun ɗauka ado ce, wasu ma sukan kwance ta su yar, alhali mazaunin ƙaramin yatsa ne. Zoben da ke da wutsiyar nan na yatsan zobe ne, wato wanda ke kusa da ƙarami. Ku sa shi ya shiga ya tsaya tsakanin gaɓa ta farko da ta biyu. Ƙaramin yatsa ya hau wutsiya. Manuni da na tsakiya su kwanta a wuyan almakashin, tsakanin zobe da noti, ba tare da sun matse shi ba. Sai babban yatsa ya shiga ɗaya zoben, kansa kawai, iyakar gindin farce. Yatsu huɗu ke nan a gefe guda, ɗaya a gefe guda.

Yatsu huɗun nan aikinsu shi ne su tsayar da bakin da ke ɓangarensu cik, kada ya motsa. Babban yatsa kaɗai ke buɗewa da rufewa. Kamar muƙamuƙin mutum ne in yana tauna: na ƙasa ke hawa da sauka, na sama yana nan inda yake. Bakin da ba ya motsi shi ne ma'auninku. Shi kuke ɗorawa a kan layin da kuke so, ko a jikin mataji, ko a gefen yatsun hagu, sannan ɗayan ya zo ya same shi ya yanke abin da ke tsakani. Idan bakunan biyu suna motsi tare, to ba ku da ma'auni. Duk rufewa sai almakashin ya yi ɗan tsalle, kuma duk tsalle sai ya bar tabo a jikin gashi. Daga nesa ba a gani, amma da an taje sai layin ya fito haƙora-haƙora.

Wani zai ce shi da yatsan tsakiya ya fi jin ƙarfi. Gaskiya ne, amma ba ƙarfi ake nema ba. Gashi ba ƙirgi ba ne, almakashi mai kaifi da kansa yake ci. Tsayuwa ake nema. Idan yatsan tsakiya ya shiga zobe, manuni kaɗai ya rage a wuyan almakashin, yatsu biyu na baya kuma suna lilo a iska ba su riƙe komai ba, sai tsinin ya riƙa rawa daidai lokacin da kuka kai shi gefen kunnen mutum.

A kwanakin farko riƙon zai yi muku baƙo, yatsan zobe zai gaji, don bai saba ɗaukar nauyi shi kaɗai ba. Kada wannan ya mai da ku gidan jiya. Ga horon da ba ya bukatar kan kowa. Ku sami tsohon almakashi, ba wanda kuke aiki da shi ba, ku kwantar da bakin da ba ya motsi a gefen tebur ko a kan manunin hannun hagu, ku riƙa buɗewa da rufewa da babban yatsa a hankali, idonku a kan bakin da ke kwance. In ya ɗaga ko ya girgiza, wani yatsa ya shiga aikin da ba nasa ba, ku sake. Idan ya zauna a kwance, ku juya almakashin tsaye, sannan a karkace, sannan ku yi a gaban madubi. 'Yan mintoci kullum, lokacin da shago ba kowa, sun fi a kwashe yini guda ana yi sannan a manta.

Bari in daɗe kaɗan a kan babban yatsa, don a nan yawancin ɓarnar take. Idan ya nutse cikin zobe har gaɓa, ba zai iya wannan ɗan motsin ba, dole dukan hannu ya shigo ya taya shi, kuma zare shi ya zama aiki, alhali a aski guda ba a iya ƙirga sau nawa ake zare shi. Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Almakashin gida, wanda notinsa ya saki tuntuni, ya koya wa kowannenmu tura babban yatsa gefe don bakunan su haɗu su ci. Almakashin gashi mai kyau ba ya son wannan turin. Yana sa bakunan su riƙa gugar juna da ƙarfi, kaifi ya tafi da wuri, gindin yatsan kuma ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Sama da ƙasa kawai ake so, ba gefe ba. Ku duba yatsanku bayan an tashi daga aiki. In zoben ya bar jan tambari mai zurfi a gefe ɗaya, ko kanta ta fara fitowa a wurin, turi kuke yi. Idan kuma zoben ne ya yi muku faɗi har yatsa yana zamewa ciki, akwai 'yar robar da ake sakawa a ciki don ta rage shi, kuma sabon almakashi yakan zo da ita a cikin jakarsa.

Sai maganar mataji. Ɗan koyo yakan ajiye almakashi ya ɗauki mataji, ya ajiye mataji ya ɗauki almakashi, ko kuma, wanda ya fi muni, ya yi taza da almakashi a buɗe, tsininsa yana giftawa gaban idon mutum. Yadda ake yi shi ne a rufe almakashin, a zare babban yatsa, a bar yatsan zobe a nasa wurin, a naɗe almakashin cikin tafin hannu da yatsu biyun baya. Yanzu babban yatsa da manuni da na tsakiya sun sami sarari, sai su riƙe mataji su taje. Da an kama gashin da yatsun hagu, sai a miƙa wa hagun matajin ya maƙale shi a gindin babban yatsansa, babban yatsan dama ya koma zobe, a yanka. Haka za a yi ta juyawa har a gama. Muddin almakashi yana naɗe a tafi, ba zai buɗe ba, ko da yaron da ake wa aski ya fizge kai. Wannan juyin ma a yi ta maimaita shi ba kan kowa a gaba, har hannu ya riƙa yi ba a duba ba.

Hannun hagu ba ɗan kallo ba ne. Manuni da na tsakiya su ke kama gashi, kuma akwai ƙa'idar da makarantun gyaran gashi ke koyarwa: kada yanka ya wuce gaɓa ta biyu. Dalili biyu ne. Daga nan zuwa gindin yatsu fata tana da taushi da nama, tsini yana kama ta cikin sauƙi. Sannan a wurin yatsun ba sa haɗuwa sosai, gashin da ke ciki a sake yake, ba zai yanku daidai da na gaba ba. Masu datsar naman tsakanin yatsunsu kusan kullum garin son cinye layi da rufewa guda suke yi. Ku kama kaɗan, ku yanka kaɗan, ku saki, ku sake kamawa tare da ɗan abin da kuka riga kuka yanka don ya zame muku jagora. Ja kuma ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe. In kun ja wani wuri da ƙarfi, wani wuri a sake, to tsawo biyu kuka yanka, ko da idonku ya ce ɗaya ne.

A nan ne ya kamata ku yi hattara da darussan da kuke kallo a waya. Da yawansu daga makarantun Turai da Amurka da Asiya suka fito, kuma tasirin Vidal Sassoon yana cikinsu sosai. An haife shi a Landan a 1928, ya fara koyon sana'a yana ɗan shekara 14, ya buɗe shagonsa a titin Bond a 1954, ya kuma yi suna a shekarun 1960 da gyaran da almakashi kaɗai ke fitar da siffarsa, ba sai an nannaɗe gashi an ƙame shi ba. Riƙon masu darussan nan da tsabtar layinsu abin ɗauka ne. Sai dai a kan miƙaƙƙen gashi aka gina tsarin, wanda ake jiƙawa a taje ya kwanta. Namu murɗaɗɗe ne, in an ja shi yakan ninka tsawonsa, in an saki ya koma. Wanda ya jiƙa shi ya ja ya yanka yadda ya gani a bidiyo, in ya bushe tudu da kwari zai tarar. Sumar da aka tara da gemu mai cika a bushe ake gyara su. A taje su su tashi sosai, a yanka a sarari ba tare da an kama da yatsu ba, a ja da baya a duba, a sake tajewa, a tsince abin da ya fito. A wannan aikin babu yatsa ko mataji da zai yi muku jagora, bakin nan mai tsayuwa ne kawai, saboda haka wanda bai mallake shi ba ba zai taɓa fitar da suma ta zagaye sumul ba. In hannu yana rawa, ku tallafe wuyan almakashin da manunin hagu. Ku kuwa masu gyaran gashin mata, gashin da aka miƙar da na'urar busarwa ana iya kama shi tsakanin yatsu a rage bakinsa, amma ku tuna zai koma gida ran da ya sha ruwa, saboda haka ku yanka ƙasa da abin da idonku ke raya muku.

Ranar da aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, cajin kilifa ya ƙare, ga mutum zaune rabin kai a gyare, ranar ake sanin wanda ya iya almakashi bisa mataji. Mataji yana hannun hagu, haƙoransa suna kallon sama. A shigar da shi daga ƙeya, a riƙa hawa da shi a hankali ba tsayawa. Bakin almakashi mai tsayuwa yana kwance daidai da tsawon matajin, suna hawa tare, babban yatsa kuma yana aiki da sauri yana cinye abin da ya leƙo ta tsakanin haƙora. Mataji a hankali, yatsa da sauri. In mataji ya tsaya alhali ana ci gaba da yanka, layi zai fito a wurin. A ƙasa matajin yana manne da fata, yana hawa ana ɗan janye shi waje, ta haka gajere ke narkewa cikin dogo. Ku tsaya ɗan gefe, kada ku tsaya daidai bayan kan, don ku riƙa ganin tazarar da ke tsakanin mataji da fata. Ko da wuta, wannan aikin yana isa inda kilifa ba ta gyarawa da kyau, musamman a kan da ke da kwari ko tabo.

A gefen kunne, ku lanƙwasa kunnen da yatsan hagu ku danne shi, ku yi aiki da tsini, bakin da ba ya motsi shi ne a jikin fata. Gashin baki a taje shi ƙasa, mutum ya rufe bakinsa, ku daina jan sa da hira sai kun gama. Yaro ƙarami kuwa, hannunku na hagu kada ya bar kansa, don ta nan za ku ji zai motsa kafin ya motsa.

Akwai yanka da tsini, inda ake shigar da kan almakashi cikin bakin gashi don layin ya yi laushi. A nan ana rufewa ne lokacin da ake janyo almakashin baya, ba lokacin da ake tura shi wajen yatsu ba. Akwai kuma almakashi mai haƙora na rage cika. Wannan ku yi masa sannu. In an kai shi kusa da saiwa, guntayen da ya bari sukan miƙe tsaye su turo sauran, kuma a kan gashinmu sau da yawa tarwatsa shi yake yi maimakon ya kwantar da shi. Ba kowane kai ke bukatarsa ba don kawai yana cikin jaka.

To, duk abin da na faɗa a kan yatsu zai tashi a banza idan wuyan hannu a lanƙwashe yake. A cikin wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8, kuma ta gefen tafi akwai wata 'yar matsattsiyar hanya da jijiyoyi 9 masu jan yatsu ke bi, tare da wata jijiya guda mai kai ji zuwa babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin yatsan zobe. Duk sanda aka lanƙwasa wuyan hannu, hanyar nan ƙara matsewa take yi. A lanƙwasa shi kuma a yi ta buɗewa da rufewa daga safe har dare, wata rana jijiyar jin za ta fara kuka. Alamarta ita ce waɗannan yatsun su mutu ko su riƙa minjirya, galibi da dare, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau. In abin ya yi nisa, mataji ya riƙa suɓucewa, naman gindin babban yatsa ya fara lotsawa. Akwai ciwo na biyu, wanda wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana a 1895, har yau da sunansa ake kiran sa. Shi kuma jijiyoyi biyu ne masu ɗaga babban yatsa ke wahalar wucewa ta kubensu, sai a ji zafi a gefen wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, musamman in an dunƙule hannu da yatsan a ciki aka karkata shi wajen ƙaramin yatsa.

Kariyar ba ta da tsada. Wuyan hannu ya zauna a miƙe, daidai da damtse, gwiwar hannu kuma a ƙasa, kada ta haura kafaɗa. In layin da kuke so ba ya samuwa sai kun karya wuyan hannu, to ba hannu ne zai gyara ba, ƙafa ce. Ku zagaya kujera. Ku ce wa kwastoma ya sunkuyar da kai ko ya karkata. In kujerar mai hawa da sauka ce, ku yi amfani da ita, in ta roba ce ku sa wa yaro matashi ya hau, ku kuma ku sami ɗan benci ku zauna in aikin ƙeya ne. A layin tsaye ko na karkace, ku juya tafin hagu ya kalli tafin dama, ku yanka ta cikin yatsu, za ku ga kafaɗa ta sauka da kanta. Tsakanin kwastoma da kwastoma ku ajiye almakashi, ku buɗe yatsu, ku sassauta kafaɗu. A jajibirin salla, da ake kwana ana aski, wannan ɗan hutun ya fi wajaba, kuma a ranar ne aka fi mantawa da shi.

Shi kansa almakashin yana iya taimakonku ko ya cuce ku. Tsawonsa yakan kama daga inci 4.5 zuwa inci 7. Gwajin da aka saba shi ne a kwantar da shi a tafin hannu, bakin ya yi kusan tsawon yatsan tsakiya. Mai inci 5.5 ko 6 ya ishi yawancin masu yanka tsakanin yatsu, mai inci 6.5 ko 7 ya fi dacewa da aikin bisa mataji da gyaran suma. Ku kuma dubi zobban. Ku saki hannunku ya huta ku gani: babban yatsa yana fuskantar manuni da na tsakiya ne, ba yatsan zobe ba. Almakashin da zobbansa ke jere daidai da juna yana tilasta masa komawa baya. Wanda aka gajarta ɓangaren babban yatsa, zoben ya matso kusa da noti, ya fi bin halittar hannu, kuma shi nake ba ɗan koyo shawara ya saya. Akwai ma mai zobe mai juyawa, wanda masu ciwon hannu kan koma wa. Bahago kuwa ya nemi almakashin bahagwai na gaskiya, wanda aka juya bakunansa. Na dama in ya shiga hannun hagu, matsin hannun raba bakunan yake yi maimakon ya haɗa su, sai mutum ya koyi wani murɗaɗɗen riƙo don ya ci, ga shi kuma bakin sama yana rufe masa layi.

Kaifi iri biyu ne. Akwai irin wanda aka san garin Solingen na Jamus da shi, mai gefe a fere, wani lokaci da 'yan ƙananan zane da ke riƙe gashi kada ya zame. Yana da juriya, ya dace da mai koyo. Akwai kuma irin na Japan, mai baki a kumbure sumul, wanda ya fi kaifi da laushin yanka. Garin Seki da ke lardin Gifu ya yi ɗaruruwan shekaru yana ƙera takubba, kuma bayan an hana yawo da takobi a ƙasar a 1876 maƙeran suka karkata ga wuƙaƙe da almakasai da reza. Irin wannan kaifin ba ya yafe ganganci, hannun da ke turi gefe zai kashe shi da wuri. Masu sauƙin kuɗi da yawa daga Siyalkot ta Pakistan ko daga Sin suke zuwa, kuma a cikinsu akwai nagari akwai na banza. Rubutun da aka buga a jikin ƙarfe ba ya yanka gashi. Ku jiƙa takardar goge hannu mai laushi ku yanka ta da babban yatsa kawai, ba turi. In ta yanku tsaf har tsini ba ta yage ba, kun sami abokin aiki.

Noti kuma kullum a duba shi. Ku riƙe zoben mai wutsiya, tsini yana kallon sama, ku ɗaga ɗaya zoben har almakashin ya buɗe sosai ya gicciye, ku sake shi ya faɗo. In ya rufe ruf, ya saki da yawa, zai riƙa naɗe gashi maimakon ya yanka, daga nan kuma turin gefe ke farawa. In ya tsaya inda kuka sake shi, ya ɗaure da yawa, babban yatsa ne zai sha wahala. Daidai shi ne ya faɗo ya tsaya a hanya, ɓangaren tsini a buɗe. A murɗa notin kaɗan-kaɗan, a ɗiga masa mai a goge. Kada a yanka busasshiyar takarda ko zare ko yadi da shi, gashin doki da ulun kitso ma a ware musu nasu almakashin. Kada a miƙa shi ga mai washin wuƙaƙe da ke yawo da dutse mai juyawa, don cikin minti ɗaya zai cinye siffar bakin. In ya faɗi ƙasa kuka ji yana sarƙewa, kada ku rufe shi da ƙarfi, ku ajiye shi sai an kai wa wanda ya san gyaransa.

Wata ɗabi'a da ba na so ita ce kaɗa almakashi a iska, ƙyas-ƙyas-ƙyas, sau biyar kafin a taɓa gashi sau ɗaya, da jujjuya shi a yatsa don a ɗauka a sa a TikTok. Ƙarar tana burge mai jiran layi, amma kowace ɗaya daga cikinta guga ce ga kaifi, aiki ne kuma ga yatsan da zai yini yana motsi. Sauri da kansa yake zuwa in hannu ya daina yin motsin da ba shi da amfani. Wanda ya neme shi kafin haka, an riga an ce sauri ya haifi nawa.

In tsautsayi ya sa jini ya fita, naku ko na kwastoma, ku tsaya. A wanke wurin, a rufe shi da filasta, a wanke almakashin da sabulu, a goge shi da sifirit, a busar, sannan a ci gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana 7, saboda haka hure gashi da goge ƙarfe a jikin riga ba tsabta ba ne. Akwai allurar rigakafinta, wadda Najeriya ta sa cikin rigakafin jarirai a 2004. Wanda bai tabbata an yi masa ba ya je a gwada shi, in babu cutar a yi masa. Ga manya sau uku ake yi cikin wata shida.

Mai yiwuwa ku ga maigidanku ko uwar ɗakinku suna riƙo ba kamar yadda na bayyana ba, kuma aikinsu yana kyau. Kada ku je kuna gyara musu, balle a gaban kwastoma. Shekaru sun koya wa hannunsu rufe gibin, kuma ba lalle ba ne su gaya muku abin da hannun ke yi musu da dare, tunda wanzami ba ya son jarfa. Abin da za ku roƙe su shi ne su tsaya su dubi hannunku kuna yanka, su gaya muku in bakin nan mai tsayuwa yana tsalle ko gwiwar hannu ta tashi, domin mai yanka idonsa yana kan gashi, ba ya ganin kansa.

Idan kuwa kun riga kun fara jin mutuwar yatsu da dare, ko zafi a gindin babban yatsa da ya ƙi tafiya bayan an huta, kada ku tsaya ga man zafi da ƙwayar kashe ciwo. In an tare shi da wuri, sau da yawa gyaran riƙo da hutu da ɗaurin da ke miƙar da wuyan hannu lokacin barci suna isa. In an bar shi ya tsufa, yakan kai ga tiyata. Tun a 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya kuma shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci aikin da yake yi. Ku kada ku jira a tambaye ku. Ku gaya wa likita sana'arku, ku tafi da almakashin a aljihu, ku nuna masa yadda kuke riƙe shi.